Daga Masaƙa Zuwa Tashar Mafara: Abin da Motar Japan Ke Faɗa wa Malamin Makaranta

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin malamanmu na kimiyya ya gabatar a taron reshe da aka yi a Morai. Mun kawo shi yadda yake saboda waɗanda ba su sami halarta ba.

  



Da aka ji cewa a kan motocin Japan zan yi magana, wani abokin aikina ya ce da ni, "Malam, mu da muke jiran ƙarin girma da kuɗin hutu, ina ruwanmu da mota?" Na ce masa ya yi haƙuri ya saurara, domin maganar za ta biyo ta kan albashinsa kafin a tashi.

Ku leƙa harabar nan ku ga abin da ya kawo mu. Wanda ya zo daga Gusau ko Sakkwato, mai yiwuwa Toyota Hiace ya shigo. Buhunan shinkafar Bakolori da ake kai wa kasuwar Mafara ran Talata, a bayan Kanta ake loda su, ita kuwa Kanta ƙirar Mitsubishi ce. Jami'an tsaro da ma'aikatan rigakafi a Hilux suke ratsa ƙauyukanmu. Manomin rani da ke ba albasa ruwa a fadama, injin da yake alfahari da shi sunan Honda ne a jikinsa. Ƙasar da akasarinmu ba za mu taɓa takawa ba, ga sunayen 'ya'yanta muna ambata kullum kamar sunayen maƙwabta. Ya kamata malami ya san yadda aka yi haka, don watarana ɗalibi zai tambaye shi.

Japan tsibirai ne a can gabashin Asiya. Faɗinta bai kai rabin Nijeriya ba, kuma mafi yawanta duwatsu ne da dazuzzuka. Man fetur saye take yi daga ƙasashen Larabawa. Taman ƙarfe daga Ostareliya da Barazil jiragen ruwa ke kawo mata. Wato duk abin da ake narkawa a ƙera mota, da abin da ake zuba mata ta tashi, daga waje yake zuwa. Abin da ƙasar ta zuba daga nata shi ne hannu da ƙwaƙwalwa.

Labarin kuma daga saƙa ya faro. An haifi Sakichi Toyoda a 1867, ɗan kafinta ne a wani ƙauye, mahaifiyarsa tana saƙa da hannu kamar yadda kakanninmu suka yi. Ya shafe rayuwarsa yana gyara masaƙa, har a 1924 ya kammala injin saƙa mai sarrafa kansa. Babbar hikimar injin ita ce, da zarar zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya cak, ba zai ci gaba da fitar da yadi mai aibi ba. Ina roƙon ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta. A 1929 wani kamfanin Ingila mai suna Platt Brothers ya sayi izinin ƙera injin a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro, wanda ya karanta injiniya a jami'ar Tokyo, shi ya karkata ga mota, aka kafa kamfanin Toyota a 1937. Suzuki ma da injin saƙa ya fara a 1909. Mu nan mun noma auduga, mun ga masaƙar Gusau tana aiki, mun ga Arewa Textiles ta Kaduna wadda Japanawan ne da kansu suka kafa ta a shekarun 1960. Su tasu masaƙar ta haifi mota, tamu ta haifi kango.

Shi kuwa Soichiro Honda ɗan maƙeri ne mai gyaran kekuna. Yana da shekara 15 ya tafi Tokyo ya zama yaron gareji. Da ya ƙware ya buɗe nasa, daga baya ya shiga ƙera ringin fistin yana so ya sayar wa Toyota. Cikin guda 50 da aka gwada, 3 kaɗai suka ci jarrabawa. Bakanike ne gwani, amma bai san sirrin haɗa ƙarfe ba. Sai ya ajiye girman kai, da shekarunsa, ya koma makarantar fasaha ta Hamamatsu ya zauna cikin yara. A 1948 ya kafa kamfanin Honda, a 1958 ya fitar da ƙaramin babur Super Cub, kakan wannan da muke kira roba-roba, wanda zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100.

Kada mu ɗauka tafiyar a shimfiɗe ta zo. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 biranen Japan sun zama toka. A 1950 Toyota ta kai bakin durƙushewa. Bankuna suka ce ba za su ba da rance ba sai an rage ma'aikata, kamfani ya nemi mutum 1,600 su ajiye aiki, ƙungiyar ma'aikata ta shiga yajin aiki na kusan wata biyu. A ƙarshe ma'aikatan suka tafi, amma shi ma Kiichiro, ɗan mai gida, ya sauka daga kujerarsa ya ɗauki alhakin abin da ya faru. 'Yan ƙungiya, wannan wurin namu ne. Daga wannan rikici aka fahimci juna: kamfani zai guji korar ma'aikaci, ma'aikaci kuma zai ba kamfani basirarsa tare da ƙarfinsa. A 1962 ɓangarorin biyu suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa. Mutumin da ya san gobe ma yana da aiki, shi ne ke da zuciyar da zai gyara wurin aikin.

A kan wannan amana wani injiniya mai suna Taiichi Ohno ya gina tsarin da duniya ke koyo har yau. Ya hana tara kayan haɗi jibgi a sito, sai dai kowane sashe ya karɓi abin da yake bukata a lokacin da yake bukatarsa, don in akwai aibi a gan shi nan take. Sannan aka rataya igiya a gefen layin da ake harhaɗa motoci. Duk lebura, komai ƙanƙantarsa, in ya ga noti bai ɗauru ba ko ƙofa ba ta zauna daidai ba, yana da ikon jan igiyar, shugaban sashe ya rugo, in ba a warware ba layin ya tsaya. Masaƙar Sakichi ke nan ta dawo: zare ya tsinke, a dakata. Suna kuma da abin da suke kira kaizen, wato gyara kaɗan-kaɗan kullum, inda ma'aikata ke zama rukuni-rukuni suna auna aikinsu da alƙaluma. Wannan dabara ta awon inganci wani Ba'amurke ne, Edwards Deming, ya koyar da su a 1950, lokacin da mutanen ƙasarsa ba su ba shi kunne sosai ba.

Fita kasuwar duniya ma da tuntuɓe aka fara. A 1958 Toyota ta kai motarta Crown Amurka. Motar ta kasa jure gudun manyan hanyoyinsu, inji ya riƙa zafi, masu saye suka juya baya, dole aka janye ta. Suka koma gida suka sake shiri. A 1966 Corolla ta fito, ƙarama, mai sauƙin gyara, mai ƙarancin shan mai. Hiace ta biyo a 1967, Hilux a 1968. Da rikicin man fetur na 1973 ya ninka farashi, Amurkawa suka ajiye zabga-zabgan motocinsu suka nemi ƙanana, sai ga Japan a shirye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A 1980 Japan ta ƙera motoci kimanin miliyan 11, ta sha gaban Amurka. Daga tashar jiragen ruwa ta Nagoya da makamantanta ake loda su a jirage na musamman, ɗaya kan ɗauki mota wajen 6,000.

Nasara ta jawo ƙorafi. Ma'aikatan Detroit suka rasa aiki, gwamnatin Amurka ta matsa, a 1981 Japan ta yarda ta taƙaita motocin da take kai wa can zuwa miliyan 1.68 a shekara. Sai kamfanonin suka ɗauki masana'antun suka kai wa masu sayen har gida. Honda ta fara ƙera mota a jihar Ohio a 1982, Toyota ta buɗe tata a Kentucky a 1988. Yau motocin da kamfanonin Japan ke ƙerawa a ƙasashen waje sun fi waɗanda suke ƙerawa a gida yawa.

Wannan ya bayyana wani abu da ɗalibai kan yi mamaki in na faɗa musu: da yawa daga motocin Japan da ke hanyar Gusau zuwa Sakkwato ba su taɓa ganin Japan ba. Japanawa ta hannun hagu suke tuƙi, sitiyarinsu yana dama. Nijeriya ta bar wannan tsari tun Afrilun 1972. Saboda haka tsofaffin motocin da ake kwasowa daga cikin Japan sun fi nufar Kenya da Tanzaniya da Yuganda. Mu tamu Camry sau da yawa a Kentucky aka haife ta, wani Ba'amurke ya more ta shekara goma, sannan ta hau jirgi zuwa Legas ko Kwatano, har sunan garin ya zama sunan motar a bakinmu. Hilux kuwa akasari daga Tailan ko Afirka ta Kudu take. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma tsohuwar mota ita ce dai abin da aljihun ma'aikaci ke iya kaiwa gare shi, in ma ya kai. Mu ne zangon ƙarshe: inda mota ke zuwa ta tsufa, kanikawanmu su yi ta jinyarta har ta mutu.

Ba wai Nijeriya ba ta gwada ba. Dattawan da ke nan sun ga zamanin. A shekarun 1970, da kuɗin mai, gwamnati ta kafa masana'antun harhaɗa motoci shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Marsandi a Enugu. Pijo ta Kaduna ta fara fitowa a 1975, kuma akwai lokacin da malamin sakandare kan karɓi rancen mota ya sayi 504 ko Beetle sabuwa fil. Sai dai kayan haɗin Pijon daga Faransa ake kawo su, har ta jirgin sama, daga Lyon zuwa Kano, a ɗora a mota zuwa Kaduna. Ƙarfen da aka sa ran Ajaokuta za ta samar bai samu ba. Ƙananan masana'antun da za su yi gilashi da noti da waya ba su kafu yadda ya kamata ba. Da farashin mai ya faɗi, aka karya darajar naira a 1986, kuɗin sayo kayan ya gagara, masana'antun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. An kafa rumfa ba a kafa shika-shikai ba. Mota guda tana da sassa kimanin 30,000, kuma bayan kowane babban kamfani na Japan akwai dubban ƙananan ma'aikatu, wasu ba su fi ajin nan girma ba, kowace da mutanen da suka iya karanta zane, suka iya awo har ƙasa da kaurin gashi.

To daga ina waɗannan mutane suka fito? Nan ne maganar ta iso ƙofarmu. A 1872, shekaru 65 kafin a kafa Toyota, gwamnatin Japan ta yi dokar kafa makarantun firamare a ko'ina, don ɗan manomi da ɗan sarki, mace da namiji. Kafin a shiga shekarun 1910 kusan kowane yaro yana zuwa makaranta. A 1947 aka mai da karatun dole shekara 9. A 1962, da masana'antu suka yi kukan ƙarancin ƙwararru, aka buɗe kwalejojin fasaha da suke kira kosen, inda yaro ke shiga yana ɗan shekara 15 ya yi shekara 5 tsakanin aji da ɗakin aiki. A 1974 kuma majalisarsu ta yi doka ta musamman wadda ta ɗaga albashin malaman firamare da ƙaramar sakandare sama da na sauran ma'aikatan gwamnati, don haziƙai su zaɓi koyarwa. Abokina mai tambayar kuɗin hutu, ga amsarka. Igiyar nan ta masana'anta ba ta da amfani a hannun wanda bai iya karatu da lissafi ba. Malamin firamare ne ya fara ƙera Corolla.

Malamansu ma suna da nasu kaizen. Sukan haɗu su tsara darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, sauran su zauna a bayan aji suna lura da inda yara suka gane da inda suka ruɗe, sannan a zauna a gyara darasin. Wannan dabara ta iso Nijeriya ta shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda hukumar JICA ta Japan ta tallafa, aka fara a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato kafin a faɗaɗa shi. Wasunku sun halarci bitarsa.

Mu kwatanta da namu. Da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an sayo injunan koyar da fasaha daga Turai aka rarraba wa makarantu. Na yi aiki a wata makaranta inda na tarar da akwatunan a sito ba a ko ɓalle su ba, babu wutar lantarki, babu malamin da aka horar, gara ta cinye katakon. A wannan makarantar akwai wani yaro da muka riƙa turawa aji na gaba kowace shekara alhali bai iya raba lamba ba, domin ba wanda yake so a ce ajinsa an faɗi. Ni ma na sa hannu a takardarsa. Yau babban bakanike ne, da kunne yake gane ciwon inji. Kwanan baya na kai masa wata mota, ya jona mata na'urar bincike, rubutu ya fito, sai ya miƙo mini ya ce, "Malam, karanta mini." Na karanta masa, amma kunya ni ta kama. Zare ya tsinke tun yana aji uku, mu kuwa muka bar masaƙa tana gudu. Honda ya sami makarantar da zai koma. Shi wannan ina zai koma?

Ba ina cewa Japanawa mala'iku ba ne. Suna da kalma ta musamman, karoshi, don mutuwar da yawan aiki ke jawowa, kuma malamansu na cikin masu kukan tsawon sa'o'in aiki. A ƙarshen 2023 kamfanin Daihatsu ya dakatar da fitar da motocinsa bayan an gano maguɗi a gwaje-gwajen lafiyar mota, wato su ma akwai ranar da aka ga aibi aka ƙi jan igiya. A wannan shekarar ce kuma Sin ta sha gabansu wajen fitar da motoci, ita da kusan miliyan 5, su da kimanin miliyan 4.4, ga motoci masu aiki da lantarki suna sauya kasuwar. Mun riga mun ga alamar a nan: baburan Indiya da na Sin sun cika tashar 'yan kabu-kabu. Kowa ya yi barci a kan nasararsa, wani zai wuce shi.

Ban kuma manta da halin da muke ciki ba. Babur ɗin da ke kai malami ƙauye, irinsa ne ke fito da ɗan bindiga daga daji. Shekarar 2021 ba za ta fita daga zukatanmu ba: Jangebe a Fabrairu, Kwalejin Noma ta Bakura a Agusta, Kaya ta Maradun a Satumba. Inji bai san halal da haram ba, wanda ke riƙe da kansa shi ne abin tambaya. Da yawa daga yaran da ke kan waɗannan babura ba su taɓa zama gaban allo ba. Duk ajin da aka rufe, daji ne ya ƙaru.

Saboda haka ina da roƙo huɗu. Na farko gare mu malamai: mu ba kanmu ikon jan igiya. Yaron da ya kai aji uku bai iya karanta jimla ba, kada a tura shi gaba a yi shiru. A sanar da shugaban makaranta da iyayensa, a ware masa lokaci, kuma kada a ɗauki malamin da ya faɗi gaskiya a matsayin mai laifi. Na biyu ga reshe: makarantu uku ko huɗu da ke kusa da juna su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata su tsara darasi su kalli juna. Wannan ba ya bukatar kwangila, alli ne da niyya. Na uku ga shugabannin makarantu: mu ƙulla zumunci da garejin garinmu da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Mafara. A kai ɗalibai su ga yadda fistin ke aiki, a gayyato bakanike aji da mutuncinsa, a buɗe wa yaransa ajin yamma na karatu da lissafi. Na huɗu ga hukuma, ta bakin shugabannin ƙungiyarmu: a ranar malamai ta duniya ta 2020 an yi mana alkawarin tsarin albashi na musamman, muna nan muna sauraron ranar da za mu gan shi a takardar albashi. A biya malami a kan lokaci, a ba shi ƙarin girmansa, a tsare masa makarantarsa. Wanda yake so a ƙera mota a ƙasar nan, daga nan zai fara.

Iyaye da ke wurin nan, in yaronku ya kwance rediyo ko ya ƙera mota da gwangwani da karan dawa, kada ku ce ɓarna yake yi. Ku tura shi makaranta, ku bar shi ya je gareji bayan la'asar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

  Allah ya zaunar da Zamfara lafiya, ya buɗe makarantunmu da aka rufe, ya jiƙan abokan aikinmu da suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.